Jini a Fitsari: Tsakanin Tur'ar Jazira da Sababbin Na'urorin Mafitsara

A wannan karo za mu taɓo wata magana mai nauyin faɗi, wadda ba a saba yin ta a bainar jama'a ba, wato maganar mafitsara da cututtukanta. Muna neman afuwar manya tun daga farko, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mun tashi a gidan limanci, a ɗaya daga cikin ƙauyukan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu, kudu da birnin Sinnar a ƙasar Sudan. A irin wannan gida akwai asirin da ke isa zauren liman tun kafin ya isa kunnen likita. Muna samari, wani dattijo maƙwabcinmu ya jira har jama'a suka watse bayan sallar isha'i, sannan ya matso kusa da buzun mahaifinmu, ya sassauta murya ya ce: "Allah gafarta malam, tambaya gare ni a kan tsarki. Idan mutum yana ganin jini a bawalinsa har ya taɓa masa wando, yaya sallarsa?" Mahaifinmu ya ba shi amsa gwargwadon abin da ke cikin littafi, sannan ya ƙara da cewa: "Alhaji, rabin wannan tambaya ne nawa, ɗaya rabin na likita ne. Ka shirya gobe ka tafi asibiti." Dattijon ya yi murmushi ya ce: "Ai ba ya mini zafi, malam. Tsargiyar yarinta ce ta dawo gaishe ni."

Ya ce bari a gama girbin dawa. Aka gama, ya ce bari a aurar da yarinya. Fiye da shekara ta wuce. Ranar da 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa birni, hoton ciki ya nuna tsiro ya cinye rabin mafitsara, ƙodojinsa duka biyu sun kumbura. Bai ga wata damina ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Abin da ya tuno mana da shi shi ne labarin wata na'ura da aka amince da ita a Amurka a watan Satumba na 2025, wadda ake ajiye ta cikin mafitsara tana sakin maganin sankara a hankali. Wani ɗan'uwa da ya ji labarin ya tambaye mu: da a ce wannan na'ura ta zo da wuri, da ta yi wa Alhaji amfani? Bisa abin da ke bayyane, amsar ita ce a'a. Dalilin wannan a'a ɗin kuwa shi ne abin da muke so kowane gida ya fahimta.

Inda ciwon ke farawa

Kakanninmu sun iso wannan ƙasa ta hanyar hajji da hijira. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin kogi, kusa da Sinnar. A shekarar 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe aikin noman Jazira, daga baya aka ƙara masa yankin Manaƙil, har faɗinsa ya haura fadani miliyan 2. Hausawa suka bazu cikinsa suna cirar auduga, suna aikin ƙodago a hawasha, wato gonar da aka yanka wa manomi, da yawa suna zaune a kambo, matsugunin 'yan ƙodago na bakin gona. Ruwan da ya rayar da ƙasar yana tafiya ne cikin magudanai, babba ana kiranta tur'a, ƙarama abu ishirin. A nan ake wanka, a nan ake wanki, a nan yara ke ninƙaya da rana tsaka.

Ruwa mai tafiya a hankali, mai ciyawa a gefe, shi ne gidan wasu ƙananan dodon koɗi, su kuwa su ne masaukin tsutsar tsargiya. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya fara ganin tsutsar a asibitin Ƙasrul Aini na Alƙahira a 1851, shi ya sa Larabawa ke kiran cutar bilharsiya. A 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa sai ta bi ta dodon koɗi kafin ta koma jikin mutum.

Ga yadda abin yake. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsa ya fita tare da fitsarin ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shige dodon koɗi. Bayan 'yan makonni sai dubban ƙananan 'ya'ya, waɗanda ido ba ya gani, su fito suna yawo a ruwa, galibi lokacin da rana ta take. Duk wanda ya tsoma ƙafa ko hannu, sai su huda fata su shige. Can cikin jiki su girma, su sauka a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, su shekara uku zuwa biyar ko fiye suna zuba ƙwai. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini. Wasu su keta bangon mafitsara su fita, wannan shi ne jinin da ake gani a ƙarshen fitsari. Wasu su maƙale a cikin bangon, jiki ya yi ta yaƙi da su, wurin ya yi kauri, ya yi tabo, ya ƙandare. Akwai kuma 'yar'uwarta mai zama a jijiyoyin hanji, wadda ta fi yawa a tsakiyar Jazira, ita ce ke ɓata hanta, ta kumbura saifa, ta sa aman jini.

Saboda haka tsargiya ba zafin rana ke kawo ta ba, ba kuma alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke faɗa wa yara maza. Tun 1911 wani likita mai suna Ferguson ya lura a Alƙahira cewa masu tsohuwar tsargiya sun fi kamuwa da sankarar mafitsara, a 1994 kuma cibiyar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya wannan tsutsa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam. Ba kowane mai tsargiya ke kaiwa can ba, kaɗan ne daga ciki. Amma ciwon da ya kwantar da dattijo yana iya kasancewa ya faro ne tun yana ɗan shekara goma a bakin tur'a.

Yadda ake kai magani cikin mafitsara

Mafitsara jaka ce mai wuyar sha'ani ga masu magani. Maganin da aka haɗiya sai ya zaga jiki duka, kaɗan ne ke isa bangonta. Wanda aka zuba kai tsaye a cikinta kuwa, fitsari ya tsarma shi, da zarar mutum ya kewaya ya fita. Wannan matsala ta daɗe tana damun likitoci.

Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayani a littafinsa At-Tasrif a kan wani siririn bututu na azurfa da ake shafa wa mai a zura don fitar da fitsarin da ya tsaya, da kuma wani abu mai kama da sirinji, na azurfa ko hauren giwa, don tura ruwan magani cikin mafitsara. Ashe tunanin ya haura shekara dubu.

Robar fitsarin da muke gani a asibiti a yau, mai ɗan balan-balan a baki wanda ake hurawa da ruwa don kada ta zame, wani likitan Amurka ne mai suna Frederic Foley ya tsara ta a shekarun 1930. Labarinta yana da darasi. Kafin ya nemi takardar mallakar ƙirƙirarsa, wani ma'aikacin kamfanin roba na Davol, Paul Raiche, ya riga shi, aka ba shi takardar a 1936. Foley ya yi jayayya, a ƙarshe bai yi nasara ba. Takarda ta tafi ga kamfani, suna ya zauna ga likita, domin har gobe robar sunan Foley take amsawa.

A 1976, Alvaro Morales a Kanada ya nuna cewa idan aka zuba maganin BCG cikin mafitsara ta wannan roba, sau ɗaya a mako har mako shida, yana tayar da garkuwar jiki ta yaƙi sankarar da ke kan fatar ciki. Wannan BCG ita ce dai allurar rigakafin tarin fuka mai barin tabo a damtsen jariri, wadda Calmette da Guérin suka samar a Faransa, aka fara amfani da ita a 1921. Sai dai majinyaci yakan riƙe maganin ne kamar awa biyu kawai, sannan ya fitar. Wasu kuma sankararsu ba ta jin BCG, daga nan sai maganar cire mafitsara ɗungurungum.

Domin irin waɗannan aka yi sabuwar na'urar. Asalinta daga ɗakin binciken Farfesa Michael Cima ne da ɗalibinsa Heejin Lee a jami'ar MIT ta Amurka. Aka kafa kamfanin Taris don raya ta, kamfanin Johnson & Johnson ya saye shi a ƙarshen 2019. A lokacin gwaji ana kiranta TAR-200, sunanta na kasuwa Inlexzo. Siririn bututu ne na roba mai laushi, an jera ƙananan ƙwayoyin maganin gemcitabine a cikinsa, tare da wata waya mai komawa siffarta ta asali. Likita zai miƙe shi ya zura ta hanyar fitsari cikin 'yan mintoci, ba tare da tiyata ba. Da ya shiga sai ya lanƙwashe kamar alkaki, don haka ba ya biyo fitsari ya fita. Ruwan fitsari yana ratsa shi yana narkar da maganin, yana tsattsafowa dare da rana har mako uku, sannan a cire a sa wani. A gwajin da aka dogara da shi, kimanin kashi 82 cikin 100 na majinyatan an duba ba a ga sankarar ba bayan magani, kuma kusan rabin waɗannan sun kai shekara a haka. Wannan hikima ce babba, ba mai musun haka.

Me ya sa ba za ta amfani Alhaji ba

Dalili na farko, an yi na'urar ne domin sankarar da ke kwance a saman fatar cikin mafitsara, wadda ba ta nutsa cikin naman bango ba. Maganin da ke yawo a fitsari saman kawai yake taɓawa. Da zarar tsiro ya kafa saiwa a cikin nama, zance ya canza.

Dalili na biyu, sankarar mafitsara ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta fi yawa a Turai da Amurka, babban sanadinta shan taba ne, kuma sau da yawa ana kama ta tana sama-sama. Wadda tsohuwar tsargiya ke jawowa kuwa galibi wani iri ce dabam, mai saurin nutsawa cikin bango, mai kama mutum tun da sauran ƙarfinsa, kuma ba ta cika jin irin waɗannan magunguna ba. Babban maganinta shi ne tiyata, idan an zo kafin ta bazu. A Masar, da aka rage tsargiya, likitoci sun ga wannan iri ya ragu a asibitocinsu.

Dalili na uku shi ne kuɗi da nisa. Kowace guda ɗaya dubban daloli ce, kuma sai da ƙwararren likitan mafitsara da madubin leƙa ciki. Mu kuwa mun san halin da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya jefa yankinmu. Cibiyar sankara ta Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda ta karɓi majinyatan da suka gudo daga Hartum, ita ma aikinta ya tsaya lokacin da birnin ya faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023. Sinja ta bi baya a tsakiyar 2024. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamban 2024, da Wad Madani a Janairun 2025, amma ɓarnar da aka yi wa asibitoci da famfunan ruwa ba a rana ɗaya ake gyara ta ba. Duk inda famfo ya mutu kuwa, tur'a ce ke zama rijiya da wurin wanka.

To, idan haka ne, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Akwai ƙirƙira guda biyu da suka fi kusa da mu, kuma su ne ke tare ciwon tun daga tushe.

Na'urar da ke gani ba tare da yanka ba

Ta farko ita ce na'urar hoton ciki. A Sudan muna ce mata mojat, 'yan'uwanmu na Nijar su ce eko, na Najeriya su ce sikanin. Mutane da yawa sun ɗauka ta masu juna biyu ce kawai, alhali amfaninta ya wuce nan. Tana aika wani sauti da kunne ba ya ji zuwa cikin jiki, sautin ya bugi gaɓoɓi ya dawo, na'ura ta mayar da amsa-kuwwar hoto. Ba zafi, ba allura, ba haske mai cutarwa irin na hoton ƙashi. Ian Donald, likitan mata a birnin Gilasgo, shi da injiniya Tom Brown suka aro dabarar daga na'urar da masana'antu ke gano tsagewar ƙarfe da ita, suka bayyana sakamakonsu a 1958.

Mafitsara cike da fitsari tana daga cikin abubuwan da suka fi fitowa sarai a wannan hoto, shi ya sa ake cewa mutum ya sha ruwa ya riƙe kafin a duba shi. Mai dubawa zai ga ko bango ya yi kauri, ko akwai tsiro, ko tsakuwa, ko fitsari na saura bayan an kewaya, ko ƙoda ta kumbura saboda toshewar hanya. Ƙasarmu tana da hannu a wannan ilimi. A shekarun 1980, Farfesa Mamun Humaida na Jami'ar Hartum da abokan aikinsa sun shiga ƙauyukan Jazira da wannan na'ura, suka nuna cewa tana gano ɓarnar da tsargiyar hanji ke yi wa hanta ba tare da an yanki tsoka ba. A watan Oktoba na 1996 kuma, masana suka taru a Yamai ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, suka tsara ƙa'idar duba masu tsargiya da hoton ciki, wadda ake kira da sunan birnin. Babban abin farin cikin da irin waɗannan bincike suka nuna shi ne, kaurin bango da tsiron da tsargiya ke yi a mafitsarar yaro yawanci suna bajewa cikin watanni bayan shan magani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na'urar ba gani kaɗai take yi ba, tana yi wa hannun likita jagora. Tun shekarun 1970 likitocin Danmak suka ƙera kan na'ura mai hanyar allura, yadda likita zai riƙa kallon bakin allurar tana tafiya a cikin jiki. Da wannan dabara, idan hanyar fitsari ta toshe ƙoda ta kumbura, ana iya huda ɗan ƙaramin rami a kwiɓi a sa siririn bututu, a ceci ƙodar ba tare da an tsaga ciki ba. Haka ake sa roba ta mara ga wanda fitsari ya ƙi fita kuma hanya ta ƙi karɓar roba, haka ake ɗebo ɗan nama don awo, haka ake janye mugunya daga hanta. Abin da dā sai an kwantar da mutum makonni, yau sau da yawa ana yin sa da allurar kashe zafi.

Kuma na'urar sai ƙanƙancewa take yi. A 2017 aka amince a Amurka da wata mai suna Butterfly iQ, wadda ake riƙewa a tafin hannu a jona ta da wayar salula, aka fara sayar da ita a kan kimanin dala 2,000. Akwai ire-irenta daga wasu kamfanoni. Irin wannan ba ta fi ƙarfin ƙungiyar gari ko 'yan'uwa mazauna Saudiyya da ƙasashen Tekun Fasha ba, idan aka haɗa hannu. Sai dai a kula: na'ura ba ta karanta kanta. Kafin a saya, a nemi ma'aikacin lafiyar da za a horar, a kuma san likitan da za a tura masa abin da aka gani. Hoton ciki kuma ba ya yanke hukuncin sankara, yana nuna wanda ya kamata a gaggauta kai wa madubin leƙa mafitsara da awon nama ne.

Takardar mallaka da ƙwayar magani

Ƙirƙira ta biyu ita ce ƙwayar praziquantel, kuma tarihinta yana koya mana yadda takardar mallaka ke aiki. Wanda ya ƙirƙiro sabon abu, hukuma takan ba shi takardar da ke hana wani yin irinsa ya sayar ba da izininsa ba, yawanci har shekara 20, da sharaɗin ya bayyana wa duniya yadda ya yi shi. Manufar ita ce wanda ya sha wahala ya ci moriyar guminsa. Illarta kuwa, cikin waɗannan shekaru shi ke yanka farashi, talaka ya yi ta jira a bakin ƙofa.

Maganin tsargiya na farko mai aiki a Hartum aka gano shi. Likita John Christopherson ne ya bayyana a 1918 cewa allurar wani sinadari mai suna antimoni tana kashe tsutsar. Amma allura ce mai wahalarwa, ana yin ta a jijiya sau da yawa, tana da haɗari ga zuciya. A Masar ma, yawan yin ta ga jama'a da siranjin da ba a tsabtace sosai ba ya taimaka wajen yaɗa ciwon hanta nau'in C.

A shekarun 1970 kamfanonin Jamus biyu, Bayer da Merck, suka samar da praziquantel, wadda ake sha sau ɗaya. Da fari tana da tsada, ƙasashen da suka fi buƙatarta ba sa iya saya. A 1983 kamfanin Shin Poong na Koriya ta Kudu ya fito da wata hanyar haɗa ta mai arha, ya sami takardar mallakar tasa hanyar, aka shiga gasa, farashi ya yi ta faɗuwa. Daga 2007 kamfanin Merck ya fara ba da ita kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, daga baya ya ɗaga alkawarinsa zuwa ƙwaya miliyan 250 a shekara. A Disambar 2023 kuma hukumar magunguna ta Turai ta yi na'am da wani sabon samfuri mai narkewa, wanda aka yi domin ƙananan yaran da ba su isa makaranta ba.

Manyanmu suna tuna Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu da aka fara a 1979, wanda ya haɗa rabon magani da kashe dodon koɗi da samar da ruwan sha a Jazira da Manaƙil da Rahad. Tsargiya ta ragu ƙwarai a lokacinsa. Da shirin ya ƙare wajen 1990, sannu a hankali ta sake ɗago kai a wurare da dama. Ƙwayar tana kashe tsutsar da ta girma a jiki, amma ba ta hana wata sabuwa shiga gobe.

Abin da ke hannun kowane gida

Na ɗaya, uwa da uba su riƙa tambayar yara. Yaro ba zai kawo wannan magana da kansa ba. Idan an ga jini a ƙarshen fitsari, a kai awo, kuma fitsarin da aka ɗiba tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ya fi nuna ƙwan. Idan masu rabon magani sun zo makaranta, kada a hana yaro sha, a tabbatar dai ya ci abinci tukuna, domin a cikin da babu komai yana sa jiri da murɗa. Almajirai da yaran kambo da ba sa zuwa makarantar gwamnati, malamai da masu unguwa su nema musu rabonsu.

Na biyu, 'ya'ya mata da iyayensu mata ba su tsira ba. Ƙwan tsutsar yana maƙalewa a mahaifa da hanyarta, ya kawo ciwon mara da ƙaiƙayi da ɗigon jini, a yi ta maganin sanyi ba a dace ba, wani lokaci har zargi ya shiga tsakanin ma'aurata a kan abin da daga wurin wanki aka ɗauko shi. Mace ta gaya wa ma'aikaciyar lafiya cewa tana shiga ruwan tur'a.

Na uku, wanda ya manyanta, namiji ko mace, idan ya ga jini a fitsari ko da sau ɗaya ne, ko da babu zafi, ko da ya ɗauke da kansa, kada ya tsaya a kan ƙwayar tsargiya kawai. Ya nemi hoton mafitsara da ƙoda. Rashin zafin nan da ya kwantar wa Alhaji hankali, shi ne abin da ya fi tayar wa likita hankali. Mai shan taba kuma ya sani yana tara wa mafitsararsa abokan gaba biyu.

Na huɗu, ruwa. Ruwan tur'a da aka ɗebo aka ajiye a randa ko durom kwana biyu, ba dodon koɗi a ciki, 'ya'yan tsutsar sun mutu, ana iya wanka da shi. Haka idan aka ɗora shi a wuta ya yi zafi sosai, sannan ya huce. Wannan maganar wanka ce, ruwan sha kuwa yana da nasa sharuɗɗan. Mai ban ruwa a hawasha ya nemi takalmin roba mai tsawo. Uwa-uba, kada a yi bawali ko bayan gida a ruwa ko a bakinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin bawali a ruwan da ke tsaye, ga shi likitoci sun nuna mana cewa da za a kiyaye ruwa daga fitsari da bayan gida, da zagayen wannan tsutsa ya yanke.

Na biyar, dattijon da aka sa wa robar fitsari kada ya ƙaurace wa jama'a don kunya. Shari'a ta yi rangwame ga mai yoyon fitsari, ya tambayi malaminsa. 'Ya'yansa su kula da tsabtar robar, jakar ta zauna ƙasa da mara, a canza ta a lokacin da likita ya ɗiba. Malamanmu kuwa, waɗanda tambayar tsarki ke fara isa gare su, muna roƙon su haɗa amsar da umarnin zuwa asibiti, su kuma sake tambaya bayan mako: "Alhaji, ka je kuwa?" Mahaifinmu ya sha faɗa cewa abin da ya fi damunsa a kan maƙwabcin nan namu shi ne bai kira babban ɗansa ya gaya masa tun a daren ba.

Wata rana takardar mallakar sabuwar na'urar za ta ƙare, wasu su ƙera irinta, farashi ya sauko kamar yadda na praziquantel ya sauko, mai yiwuwa ta iso Wad Madani da Maraɗi da Kano. Muna fata. Amma ko ta iso, wanda ya zo da wuri kawai za ta yi wa amfani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, Ya zaunar da Sudan da sauran ƙasashenmu lafiya, Ya mayar da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.